HARAMI BA SHI DA HANNUN RIGA

Shafi na 17

Masu cewa aljana ce ta hana Hedimasta zuwa Makka, na ga saƙonninku. Masu cewa tsoron jirgi ne, ku ma sannunku da ƙoƙari. Duk ba ku ci ba. Ku gyara zama.

*

Labarin ya riga Malam Hussaini Hedimasta isa gida.

Ai dole. A wajen bitar maniyyata, gaban mutum kusan ɗari biyu, malamin bita ya ɗaga fararen ƙyallayen harami, ya ce yana son dattijo ɗaya ya fito a gwada ɗaurawa a jikinsa. Ya nuna Hedimasta. Hedimasta ya miƙe. Kowa ya zaci fitowa zai yi. Fita ya yi.

Bana ce shekara ta uku da 'ya'yansa suke samo masa kujerar Hajji. A ta farko ya ce ƙafa. A ta biyu ya ce bai gama istihara ba. Ɗansa Abdulfatah ya rantse daga wannan ba zai ƙara ba. Gobe Alhamis da ƙarfe takwas na safe za a yi gwajin lafiya na ƙarshe, wanda bai je ba a ba wani kujerarsa.

Mutanen Gumel kuwa ba sa barin tambaya ta wuni babu amsa. Kafin azahar majalisar bakin tasha ta yanke hukunci: ba a gudun Ka'aba sai in mutum ya san ko ya je ba zai gan ta ba.

Da wannan maganar Ni'imatu ta ci karo da ta sauka daga motar Kano. 'Yarsa ce ta fari, kuma likita. Ta ajiye jaka a tsakar gida, ta tarar da mahaifiyarta, Inna Kyauta, tana tankaɗe da irin ƙarfin da garin bai yi laifin da ya kai haka ba.

"Inna, ina Baba?"

"Yana ɗaki."

"Shi da wa?"

"Shi da Haladu."

"Yau ai Laraba ce, ba ranar aski ba."

"To ni na ce miki Juma'a ce?"

Haladu wanzami ne. Shekara ashirin da biyu yana yi wa Hedimasta aski da ƙaho. Sauran mazan unguwa a gindin darbejiya ake aske su, suna gardamar siyasa. Kan Hedimasta kaɗai ake askewa da ƙofa a kulle, kamar ana ƙidayar ƙuri'a.

Ta yi sallama a bakin ƙofar. Sai ƙarar mayar da ƙaho cikin zabira, sai motsin sa riga.

"Wa alaikumus salam. Likita ce? Wa ya mutu?"

Tun tana jami'a yake kiranta Likita. Kunyar 'yar fari ta hana shi faɗin sunanta, karatu ya taimake shi da wani.

"Ba wanda ya mutu, Baba. Abdulfatah ne dai ya kusa."

Haladu ya buɗe ƙofa.

Hedimasta yana zaune a bakin gado. Jamfa mai dogon hannu an ɓalle ta har wuyan hannu, babbar riga a sama, hula an danna ta har kunne. A zafin da kaji ke yawo baki buɗe.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ɗaga mata hannu daga cikin riga, ya yi jinjina. Haka yake yi wa kowa. Shekara ashirin da biyu bai miƙa wa mutum hannu ba, har ana cewa sarauta yake nema. Kwanonsa daban, butarsa daban. Ita ta ɗauka duk kunyar 'yar fari ce, sai da ta haihu ta ga ko jikokin ba ya ɗauka. Kakan da ba ya tsokanar jika kuwa, akwai magana.

A bango, saman kansa, tsohon hoton nan yana nan: samari biyu masu fuska ɗaya. Shi da abokin tagwaitakarsa Hassan, wanda aka ce ya tafi ci-rani Damagaram Ni'imatu tana 'yar shekara takwas bai dawo ba, har aka koma ce masa marigayi.

"Baba, gobe gwaji."

"Gobe Alhamis. Ina da kasuwar Maigatari."

"Tun ina firamare kake cin kasuwar Maigatari, ko albasa ba ka taɓa sayowa ba. Da ƙullin abinci kake tafiya, ka dawo da kwano."

"Farashi nake zuwa gani."

"Ka gan shi?"

"Yana hawa."

Haladu ya yi tari don kada ya yi dariya.

"Baba, ka san abin da ake faɗa a bakin tasha?"

"Na sani. Rabinsu ni na koya musu karatu. Ban yi mamaki ba."

Ya faɗi haka yana jan carbi a ƙarƙashin riga. Carbin ya suɓuce ya faɗi a kan tabarma. Ya manta, ya fito da hannu zai ɗauka.

Yatsun suka ƙi kamawa.

In kun taɓa ganin kyanwa ta hango motsi a ƙarƙashin buhu, to kun ga fuskar Ni'imatu. 'Yar ta koma gefe, likitar ta matso.

Yatsan tsakiya na hannun dama ya kumbura tun daga tushe har baki, kamar ɗan ƙaramin rogo. Biyu na kusa da shi gaɓar ƙarshe ce ta kumbura, wadda ke dab da farce, ta ɗan karkace. Faratan kuwa kamar an bi su da tsinin allura ana caccakawa. Na babban yatsa ya yi kauri, ya yi rawaya, ya ɗago daga jikin nama.

"Tun yaushe?"

"Sanyin ƙashi ne. Tsufa."

"Da wane lokaci ya fi tsanani?"

"Likita, ban yanki kati ba."

"Da asuba," in ji Inna Kyauta daga bakin ƙofa, da rariya a hannunta. "Ni nake tsiyaya masa ruwan alwala, ba ya iya riƙe buta. Sai hantsi suke sakewa."

"Kyauta, wa ya kira ki?"

"Ba kowa. Shi ya sa na zo da kaina."

"Inna, in ya yi aiki da hannun, ƙaruwa yake ko raguwa?"

"Raguwa. Zama ne ba ya so. Ga dunduniya. Takun farko in ya sauko daga gado kamar ya taka ƙaya."

Ni'imatu ta gyaɗa kai a hankali.

"Ciwon tsufa aiki ne ke tayar da shi, hutu ya kwantar. Wannan hutu ne ke tayar da shi. Baba, ka taɓa kai hannun nan asibiti?"

"Sau uku."

"Ba wanda ya tambaye ka ko kana da wani abu a fata?"

"Ɗaya ya tambaya."

"Ka ce masa me?"

"Na ce lafiya lau. Hannu na kai masa, ba tarihin rayuwata ba."

Ta daɗe tana kallon hular.

"Baba, don Allah ka cire hula."

Rariyar Inna ta daina motsi.

"A gaban wa?"

"A gabana."

"A asibitinku haka kuke yi wa iyayenku?"

"To na ji. Zan fita in zauna bayan labule. Baba Haladu ya zama idona, ni in yi tambaya shi ya ba ni amsa."

Haladu ya rungume zabirarsa kamar za a ƙwace.

"A'a, 'yata. Wanzami ba ya faɗin abin da ya gani a kai. Gadonmu ke nan. Da muna faɗa, da rabin garin nan ba sa gaisawa."

Inna Kyauta ta ajiye rariya a ƙasa.

"Malam, shekara ashirin da biyu ina wanke rigunan nan da hannuna, ina kaɗe gadon nan kullum safiya. Na yi shiru. Yanzu ana cewa mijina ba zai ga Ka'aba ba, ina fita ana nuna ni da baki. Ko ka bar Haladu ya faɗa, ko ni in faɗa. Kuma ka san ni ba ni da gadon wanzanci."

Hedimasta ya dubi silin ɗaki kamar akwai amsa a rubuce.

"Faɗa mata, Haladu. Shekara bakwai ta yi tana karatu. Bari mu ga ko an koya mata wani abu."

Ni'imatu ta fita, ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna a bayan labule.

"Baba Haladu, me kake gani a kan?"

"To... faci-faci ne. Mai kauri, ya ɗan taso. Samansa fari-fari kamar toka ta bushe a gindin tukunya."

"Gefensa a fili yake, ko ya saje da fata?"

"A fili. Kamar an shata iyakar gona."

"In ka kankare fa?"

"Sai ya zubo kamar dusa. In na matsa, sai jini ya tsattsafo ɗigo-ɗigo, ƙanana."

"Amosani kuka fara cewa?"

"Amosani, sannan makero, sannan kirci. Ba sunan da ba mu gwada masa ba."

"A ina da ina yake?"

"Ƙeya. Bayan kunne. Gwiwar hannu duka biyun. Gwiwar ƙafa. Cibiya. Ƙugu."

"Haladu," in ji Hedimasta, "cewa na yi ka faɗa, ban ce ka zana taswira ba."

"Yana ƙaiƙayi?"

"Ke dai bari. Ƙofar nan duk shi ya goge mata fenti da bayansa."

"Gadon baya fa?"

"Nan ya fi yawa. Kuma na nan da tsari yake. A jere, shida nan, shida nan. Kamar shuka. Na ɗayan ma haka ya..." Haladu ya haɗiye sauran. "Nasa dai. Haka yake."

Ni'imatu ta ji, amma hankalinta yana kan jerin.

"A jere? Baba Haladu, a ina kake kafa masa ƙaho?"

"A gadon baya mana."

"Layi nawa?"

"Biyu."

"Ƙaho nawa a kowane layi?"

Aka ji Haladu yana gyara zama.

"Baba Haladu?"

"Shida."

"Kafin ka fara yi masa tsaga a wurin, akwai su?"

"Ai... ai ciwon ne yake bin inda na ja jinin. Hanyar fita yake nema."

"Ba fita yake ba, Baba Haladu. Irin wannan ciwon, duk inda aka yanki fata ko aka kurje ta, nan yake tsirowa. Ko susa ma tana jawo shi."

Aka ji zabira ta faɗi ƙasa.

"Shekara ashirin da biyu," in ji Haladu da wata murya ƙarama. "Ashe shuka nake yi."

"Kuma damina ba ta taɓa yi maka gardama ba," in ji Hedimasta.

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma bai yi ba. Ya gyara murya, irin gyaran da yake yi in zai sanar da sakamakon jarrabawa.

"Likita, daina kewaye-kewaye. Na san sunanta tun kafin ki san sunan allura. Kuturta ce."

Inna Kyauta ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Shi ya sa ba na miƙa hannu. Shi ya sa kwanona daban. Kina tsammani ba na son in ɗauki 'ya'yanki? 'Yarki Ummulkhair ta rarrafo ta kama ƙafata ranar sallah, na tashi na bar mata ɗakin, tana kuka. Kin ɗauka daɗi na ji? Harami kuwa ƙyalle biyu ne. Ba hannun riga, ba hula. In tsaya haka a cikin jama'a, in gogi bayin Allah a ɗawafi, in kwaso alhaki a inda aka je zubarwa?"

Ni'imatu ta je ta buɗe jakarta, ta yago 'yar auduga, ta murza bakinta ya yi siriri. Ta ɗaga labule ta shiga ba sallama.

"Gwiwar hannu kawai, Baba. Ba kai ba, ba baya ba."

Ya miƙa wa Haladu hannu ya ɓalle masa maɓalli, ya naɗe rigar.

Ga shi nan. Faɗin tafin hannu, duhu-duhu a ƙasa, fari-fari a sama.

"Rufe ido. Duk inda ka ji na taɓa, ka nuna."

"Yau ni ake yi wa jarrabawa."

Ta taɓa tsakiyar tabon da bakin audugar, taɓawar da ko ƙuda ya fi ta nauyi.

"Nan."

Ta taɓa gefe.

"Nan."

Ta ɗaga audugar sama, ba ta taɓa ko'ina ba.

"Ba ki taɓa ba. Ni za ki yi wa wayo? Na kama masu satar amsa shekara talatin da biyar."

Ta ajiye audugar. Kafin ya buɗe ido ta kama hannun da hannuwanta biyu, hannun mai kumburin, ta riƙe.

Ya zabura.

"Ke! Sake ni! Kina da yara!"

"Ba zan saka ba."

"Kyauta, ki yi mata magana!"

"Ni kunyarta nake ji," in ji Inna. "'Yar fari ce."

Ya ja, ta riƙe. Ƙarfin hannun dama ba shi da yawa. Ya bari.

"Baba, ka saurare ni. Tabon kuturta ba ya yin wannan ƙaiƙayin, kuma wurin mutuwa yake yi, ko an taɓa ba a ji. Kai kuwa kana jin auduga. Wannan ciwon soriyasis ake ce masa."

"Sori wa?"

"Soriyasis."

"Kamar sunan matar Bature."

"Ba ƙwayar cuta ba ce, ba a ɗaukarsa. Ko a kwano, ko a hannu, ko a aska. Garkuwar jikin mutum ce take rikicewa ta far wa fatarsa, sai fatar ta yi ta tarawa tana ɓarewa. A wasu ba ya tsayawa a fata, sai ya shiga farce, ya shiga gaɓoɓi. Na kanka da na hannunka da na dunduniyarka duk abu ɗaya ne. Kai ne ka raba su, ka ba wanzami fata, ka ba asibiti hannu, ka hana su gaisawa."

"Na faɗa masa," in ji Inna Kyauta. "Na ce Malam, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da kai ko ƙurji ban taɓa yi ba. Ya ce wai jinina ne mai ɗaci."

"Askarsa daban na ware," in ji Haladu. "A tsumma nake naɗe ta."

"Ba zan rantse ba sai likitan fata da na gaɓoɓi sun gani, an ɗauki hoton hannun, an auna jini. Amma na ga irinsa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ba ya warkewa ɗungurungum, sai dai akwai maganin da ke kwantar da shi, mutum ya yi rayuwarsa. Gaɓar da ta riga ta lalace ce ba ta dawowa, shi ya sa ba na son a ƙara ko wata ɗaya. Kuma Baba, ko da kuturtar ce, yanzu ana warkewa, maganin ma kyauta ake bayarwa."

"Hajjin fa?" in ji Inna.

"Ban ga abin da zai hana ba. Gobe ya je ya nuna musu komai, a rubuta masa magani, a duba yadda zai yi da tafiyar ƙafa."

"Ka ji ko, Malam? Cikin taron duniya wa zai bar Ka'aba ya tsaya kallon ƙeyarka?"

Nan ne ya kamata a yi kabbara. A labarin kirki nan dattijo yake fashewa da kuka, a kira Abdulfatah a waya, a yanka kaza.

Hedimasta bai yi ko ɗaya ba. Fuskarsa ma sai ta fi ɗazu muni. Mutumin da aka ce masa ba shi da kuturta, sai ka ce yanzu aka ce yana da ita.

"Likita."

"Na'am, Baba."

"Ana gadonsa?"

"Yakan bi jini. Ba dole ba, amma yakan bi."

"Tagwaye fa?"

"In masu kama ɗaya ne, in ɗaya yana da shi, ba abin mamaki ba ne ɗayan ma ya samu."

"Malam," in ji Inna Kyauta a hankali. "Malam, ka bari."

Bai ko dube ta ba.

"In aka bar shi ba magani, shekara da shekaru. Yatsun za su iya lanƙwashewa? Su gajarce, su koma ciki, fatar ta tattare kamar hannun riga ya yi wa yaro yawa?"

Ni'imatu ta saki hannunsa.

"A wasu 'yan kaɗan, e. Ƙashin gaɓar ne yake cinyewa. Wanda bai sani ba zai rantse kuturta ce." Ta dubi yatsunsa. "Amma naka ba su kai nan ba, Baba. Ko kusa. A ina ka ga irin wannan hannun?"

Ta juya wajen Haladu.

"Baba Haladu, ɗazu ka ce na ɗayan ma haka. Wane ɗayan?"

Haladu ya duƙa yana tattara ƙahonin da suka zube, ɗaya bayan ɗaya, da natsuwar mai fatan kada su ƙare.

"Ƙyale shi," in ji Hedimasta. "Kai biyu yake askewa a gidan nan. Ɗaya ran Juma'a, ɗaya duk ƙarshen wata."

Ya ɗaga ido ya dubi hoton bango.

Ku tuna, Hedimasta mutum ne da bai taɓa barin kuskure ya wuce ta gabansa ba. Ya taɓa tsayar da mai shela a tsakiyar titi ya gyara masa kwanan wata. Ya taɓa mayar da katin ɗaurin aure da jan biro.

"Ban taɓa cewa ya mutu ba," ya ce. "Ban taɓa ba. Mutane ne suka fara cewa Allah ya jiƙansa. Ni kuma ban gyara ba."

"Wa?"

"Shi ya fara, shekara huɗu kafin ni. Kai, gwiwa, farce, sannan hannu. Mahaifin Haladu ya duba, ya ce kuturta ce. Malam biyu suka duba, suka ce haka ne. A lokacin ana shirin ba ni shugabancin makaranta, ke kina aji uku. Shi da bakinsa ya ce in fitar da shi kafin gari ya sani, kada a guji gidan, kada a janye yara daga ajina. Ni kuma ban yi masa gardama ba. Na goya shi a babur, na kai shi gonar kakanmu, can bayan Ɗanzomo, inda ba hanya. Na gina masa ɗaki ɗaya. Makiyayan wajen Malam Mai Ɗaki suke ce masa, suna ajiye masa nono daga nesa."

Ni'imatu ta tuna ƙullin abincin nan na kowace Alhamis.

"Kasuwar Maigatari..."

"Hajji Alhamis biyar ce, Likita. Na lissafa. Hannunsa ba ya buɗe tukunya. Wa zai kai masa?"

Ta juya ta dubi mahaifiyarta. Inna Kyauta tana kallon ƙasa.

"Ni nake yin tuwon," ta ce.

"Baba Hassan yana da rai?"

"Makon jiya ya tambaye ni ko har yanzu kina tsoron zakara."

Ni'imatu ta ɗaga kai ta dubi hoton bango. Shekara ashirin da shida tana sa shi a addu'ar mamata.

Hedimasta ya dafa gado ya miƙe. Dunduniyar ta soke shi, ya runtse ido, ya tsaya har ta lafa.

"Haladu, je tasha ka samo mana mota shata. Ka ce Ɗanzomo, zuwa da dawowa. In sun tambaye ka, ka ce wanzami ba ya faɗa."

Haladu ya fita da sauri, ya bar zabira a ƙasa.

"Likita, ɗauko audugarki."

"Baba..."

"Ki taɓa shi yadda kika taɓa ni. In ya ji, gobe ƙarfe takwas ina wajen gwaji, in tuɓe riga a gaban duk wanda suka ajiye. Amma ki sani, in ya ji ɗin, to ba a Makka zan fara neman gafara ba."

Ya kai hannu sama. Yatsun suka sha wuya kafin su kama bakin hular. Ya cire ta, ya ajiye a kan gado. Wani farin gari ya zubo a kafaɗar babbar riga, bai kaɗe ba.

Ya nufi zaure, inda ake jin muryoyin masu dawowa daga sallar la'asar.

Inna Kyauta ta bi shi da gudu.

"Malam! Hularka!"

Bai waiwayo ba.

"Bar ta nan. Bitar da na gudu ɗazu zan ƙarasa."